Zariya: Filin Da Ake Koyon Tuƙin Jirgin Sama Tun Daga Ƙasa

Duk matafiyin da ya bar Kwangila da sassafe, ya miƙi hanyar Sakkwato zuwa Samaru, kafin ya kai ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello yakan ji wata ƙara tana bin kansa, mai kama da ta babur amma daga sama. In ya ɗaga kai sai ya hangi wani ɗan farin jirgi mai farfela ɗaya a hanci, yana tafe ƙasa-ƙasa, ya karkata fiffike ya juya, ya ɓace bayan itatuwa, jim kaɗan kuma sai ga shi ya sake ɓullowa ta inda ya fito da fari. Baƙo yakan tsaya kallo. Mutanen Palladan da Hanwa kuwa ko ɗaga kai ba sa yi, domin da yawansu cikin wannan ƙara aka haife su, sun kuwa san cewa wani ɗalibi ne ke bitar karatunsa.

Wannan wuri shi ne Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda 'yan acaɓa da direbobin bas suka taƙaita sunanta zuwa Abiyeshan. An kafa ta da doka a shekarar 1964, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO. Ba matuƙa kaɗai ake horarwa a nan ba. Akwai sashen injiniyoyi masu gyaran jirgi, da na masu ba jirage umarni daga hasumiya, da na masu kula da na'urorin sadarwa, kuma ɗalibai sukan zo daga wasu ƙasashen Afirka. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta sami lasin a 1981, ta zama mace ta farko 'yar Nijeriya mai lasin tuƙin jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar daga 2011 zuwa 2014.

Ƙasar Zazzau ta dace da mai koyo. Shimfiɗaɗɗiya ce, tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 650 daga teku, ga gonaki fetal ta kowace fuska inda za a iya saukar gaggawa in ta kama. Ga kuma alamu da ba sa ɓata: Dutsen Kufena, da kogin Galma da na Kubanni, da dogon ginin majalisar jami'a a Samaru, da layin dogo, da babban titin da ya taso daga Kaduna ya nufi Kano. Ɗalibin da ya rikice a sama, in ya hangi ɗaya daga cikinsu, ya san inda gida yake.

Jirgi mai inji ɗaya ba baƙo ba ne a Arewa. Jiragen da suka fara sauka Kano a watan Nuwamba na 1925 guda uku ne na sojan saman Ingila, samfurin DH.9A, waɗanda suka taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham, kowanne kuwa injinsa ɗaya ne. Shekara ɗari ke nan, amma har yau duk wanda zai tuƙa babban jirgin alhazai da irin waɗannan ƙanana yake farawa. Akwai kuma waɗanda ba aikin kamfani suke nema ba. Attajiri ne ko likita ko babban manomi, ya gaji da ramukan hanya da fargabar 'yan fashi, ya ji an ce ɗan jirgi na cin kilomita 220 a sa'a, Zariya zuwa Kano minti arba'in, sai ya fara tunanin mallakar nasa. Irin wannan mutum, kafin ya tambayi farashi, ya kamata ya zo Palladan ya kwana biyu yana kallon yadda ake yi.

KARATU KAFIN HAWA

Abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawan zaman aji. Kafin ɗalibi ya taɓa sitiyari sai likitan da hukuma ta yarda da shi ya duba idonsa da kunnensa da zuciyarsa da hawan jininsa, har da iya bambanta launi, domin ja da kore da fari kowanne da ma'anarsa a filin jirgi. Sa'an nan ya zauna karatun dokokin sama, da ilmin yanayi, da karanta taswira, da yadda inji ke aiki, da lissafin nauyi. Sai kuma maganar rediyo, wadda da Ingilishi ake yin ta, da kalmomi ƙayyadaddu waɗanda ba a ƙari ba a ragi. Kowane jirgin Nijeriya lambarsa da 5N take farawa, na Nijar da 5U, na Gana da 9G, kuma da wannan lamba hasumiya ke kiran matuƙi. Ko sarki ne a ciki, da lambar jirginsa za a kira shi.

Ƙa'idar ICAO, wadda Hukumar Kula da Jiragen Sama ta Nijeriya, NCAA, ke bi, ta ce mai neman lasin tuƙin jirgin kansa sai ya cika shekara 17, ya kuma yi aƙalla sa'a 40 a sama, ko 35 in ya bi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Daga ciki sa'a 10 shi kaɗai zai yi su, 5 daga cikin goman kuwa na tafiya ne daga gari zuwa gari, har da tafiya ɗaya mai nisan kilomita 270 wadda zai sauka filaye biyu dabam. Da ɗalibi zai tashi Zariya ya sauka Kano, ya taso ya sauka Kaduna, ya komo gida, ya cika wannan sharaɗi har da ƙari. Amma sa'a 40 ɗin nan mafi ƙanƙanta ce. Yawancin mutane sukan wuce ta da nisa kafin malami ya yarda ya miƙa su jarrabawa, musamman mai harkoki da yawa wanda zai zo yau ya ɓace wata guda. Hannu yakan manta, in ya dawo sai an koma baya.

Ranar tashi ma ba da hawa ake farawa ba. Ɗalibi zai kewaye jirgin da ƙafa, takardar jerin dubawa a hannu, yana bi ɗaya bayan ɗaya ko da ya haddace. Zai shafa farfela ya ji ko ta tsage, ya duba taya da birki, ya auna baƙin mai, ya leƙa tankin fiffike da idonsa, domin allurar mai takan yi ƙarya. Zai tsiyayi man kaɗan cikin ɗan kofi ya ɗaga shi sama, saboda in ruwa ya shiga tanki a ƙasa yake kwanciya, kuma shi inji zai fara zuƙa. Akwai wani ɗan siririn bututu a jikin jirgi mai auna gudu, wanda zanzaro ke sha'awar yin gini a ciki. In ya toshe, allurar gudu ta daina faɗin gaskiya. Don haka ake rufe shi da marfi mai jan ƙyalle in jirgi na ajiye, don haka kuma ake tabbatar an cire marfin kafin a tashi.

In an hau titi aka ba inji wuta, jirgin yakan bar ƙasa da gudun kilomita 100 ko ɗan fiye a sa'a. Tashi ba shi da wuya, yaro ma sai ya iya. Sauka ita ce aikin. Shi ya sa ake wannan kewaye da mutanen Palladan suka saba gani: a hau ƙafa 1,000, a zagayo, a taɓa titi, a sake ba da wuta a tashi, sau biyar sau goma, har ido ya koyi auna tazarar ƙasa. A can nesa da gari kuma malami yakan sa ɗalibi ya rage gudu ya ɗaga hanci har iska ta saki fiffike, jirgi ya yi rawa ya sunkuya, don ya san alamun abin da yadda ake fita daga cikinsa. Wani lokaci kuma ba zato malami ya janye wuta, ya ce inji ya mutu, ina za ka sauka? Ƙaramin jirgi ba ya faɗowa kamar dutse in injinsa ya tsaya. Irin su Cessna 172 sukan yi gaba mita tara a duk mita ɗaya da suka yi ƙasa, watau daga ƙafa 5,000 akwai tafiyar kilomita 13 da za a nemi fili a cikinta. Amma sai wanda ya yi ta bita ne zai tuna da wannan sa'ad da farfela ta tsaya cik a gabansa.

Sai wata rana, bayan an sauka, malami ya kwance ɗamara ya fita, ya ce wa ɗalibi ya je ya zagayo sau ɗaya shi kaɗai. Jirgin yakan yi sauƙi da rashin mutum ɗaya, ya hau da sauri fiye da yadda aka saba, ɗalibi ya waiga ya ga kujera wayam. Zagayen bai fi 'yan mintoci ba, amma babu matuƙin da ke manta shi har tsufa. Babu kuwa wanda ke sa ranar sai malami, kuma ba a roƙonsa.

SAYEN DOKI DA HARAWARSA

To, ga mai son saye, me ke kasuwa? Jirgin da ya fi kowanne yawa a duniya shi ne Cessna 172, ƙirar jihar Kansas ta Amurka, wanda aka fara sayarwa a 1956, kuma an ƙera fiye da 44,000. Kujerunsa huɗu, fiffikensa a sama, injin na yanzu ƙarfin doki 180. Sabo ya haura dala 400,000, saboda haka yawancin masu saye tsoho suke nema. Tsofaffin kuwa da yawa na shekarun 1960 da 1970 ne, domin a 1986 kamfanin ya daina ƙera ƙananan jirage masu inji ɗaya irin wannan saboda yawan ƙararrakin neman diyya, bai koma ba sai bayan da majalisar Amurka ta yi doka a 1994 wadda ta iyakance irin waɗannan ƙararraki ga shekara 18 daga ƙira. Akwai kuma Piper Cherokee mai fiffike a ƙasa, da Cirrus wanda ke da laima ta saukar da jirgin gaba ɗaya in abu ya ɓaci.

Tsohon jirgi ba a fenti ake gane shi ba, a littattafansa ne. Gangar jiki da inji da farfela kowanne da littafin da ake rubuta sa'o'in da ya yi da duk gyaran da aka yi masa, da sa hannun injiniya. Jirgin da littafinsa ya ɓata darajarsa ta faɗi, ko da yana walƙiya. Injin Lycoming da ke kan 172, masu ƙera shi sun ce a kwance shi a sabunta bayan sa'a 2,000 ko shekara 12, aikin kuwa na dubban daloli masu yawa ne. Saboda haka jirgin da aka yi wa araha alhali injinsa ya kusa cika sa'o'insa, bashi ne aka sayar wa mutum. Araha ba ta ado. Mai hankali yakan ɗauki injiniyan kansa, wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya buɗe ko'ina ya nemi tsatsa, musamman in jirgin ya daɗe a bakin teku, kafin a biya ko kwabo.

In an saya kuma sai kawowa. Ko dai a cire fikafikai a sa shi cikin kwantena ya biyo jirgin ruwa zuwa Legas, ko a ɗauki ƙwararren matuƙi ya ɗora ƙarin tanki ya tsallako da shi ta Kanada da Girinlan da Aislan da Turai. Sa'an nan ga kwastan, ga rajista, ga takardar shaidar lafiyar jirgi, ga inshora, ga izinin tashi na wanda ba haya yake yi ba. Wannan izini bai ba mutum damar ɗaukar fasinja don kuɗi ba, kuma a 2024 NCAA ta dakatar da izinin wasu masu jirage da aka samu suna yin haka. Bayan wannan akwai kuɗin rumfa, da binciken shekara-shekara wanda tilas ne ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba. Jirgi kuwa zama ya fi lalata shi a kan aiki.

Babbar matsala a ƙasar nan ita ce mai. Cessna da Piper masu injin fistin wani fetur na musamman suke sha mai suna Avgas, wanda ake rina shi shuɗi, kuma 172 na shan lita 30 zuwa 38 a sa'a. Daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma ba kowane filin jirgi ke da shi ba. Ita kanta makarantar Zariya ta ɗanɗana wannan. Shekara da shekaru tana koyarwa da jiragen Tampico da Trinidad ƙirar Faransa masu shan Avgas, daga baya ta sayo jiragen Diamond ƙirar Ostiriya, masu injin da ke shan kananzir ɗin manyan jirage, wanda ake samu a duk filin da jiragen fasinja ke sauka. Duk mai niyyar saye sai ya fara tambayar inda zai sha mai a Yola ko Sakkwato ko Maiduguri, kafin ya zaɓi launin kujera.

Kujeru huɗun nan ma akwai magana. Nauyin da aka yarda 172 na zamani ya tashi da shi kilo 1,157 ne. In an cire nauyin jirgin kansa saura wajen kilo 400, in an cika tanki da lita 200 kuma saura wajen 255. Watau ƙarti uku da 'yar jaka. Na huɗu sai dai a rage mai. Ga kuma zafi. Da rana tsaka a watan Afrilu, in zafi ya kai awo 38, iskar Zariya takan yi sako-sako har jirgi ya ji kamar daga tudu mai ƙafa 5,000 yake tashi: inji ya rage ƙarfi, titi ya ƙi isa, hawa ya yi nawa. Mai jirgin da bai iya ce wa abokinsa ya sauka ba, bai gama koyo ba.

HAZO DA FAƊUWAR RANA

Abin da ya fi kashe masu ƙananan jirage ba mutuwar inji ba ne, shawarar matuƙi ce. Lasin farko na tuƙi da ido ne: mutum ya ga ƙasa, ya ga inda sama ta haɗu da ita, ya nisanci gajimare, kuma ƙa'ida ta ce ya iya hangen kilomita 5 a gabansa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe Zariya har Kufena ya ɓace, jiragen makaranta su kwana a ɗaure. Da damina kuma hadari kan taso daga gabas da la'asar, da iskar da ke iya kifar da ɗan jirgi ko yana ƙasa. Ɗalibi yakan yi kwanaki yana zuwa yana komawa bai tashi ba, wannan ma yana cikin karatun.

Dalili kuwa shi ne, in ido ya daina ganin ƙasa, jiki yakan yaudari mai shi. Jirgi na karkace yana zurarawa, matuƙi na jin daidai yake tafiya. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka tsare musu ganin waje, dukansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin lokaci na daƙiƙa 178. Haka ta faru ga John Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ran 16 ga Yuli, 1999, 'yan watanni bayan ya sayi Piper Saratoga. Ya tashi da dare cikin hazo bisa teku ba shi da lasin tuƙi da na'ura, ya rasu tare da matarsa da yayarta.

Ba sai an je Amurka ba. Marigayi Danbaba Suntai, Gwamnan Jihar Taraba, a wannan fili na Zariya ya koyi tuƙi yana bisa kujerar mulki. Ran 25 ga Oktoba, 2012, ya taso daga Jalingo zuwa Yola da mukarrabansa, yana tuƙa Cessna Caravan, jirgi mai inji ɗaya amma wanda ya fi na koyo girma da ƙarfi nesa ba kusa ba. Jirgin ya faɗi kusa da Yola. Rahoton da hukumar binciken haɗarin jirage ta fitar daga baya ya nuna cewa lasin da ke hannunsa bai kai na wannan jirgi ba, ba shi da shaidar tuƙi da na'ura, kuma rana ta riga ta faɗi alhali tafiyar ta tuƙi da ido ce. Ya tsira da rai amma da rauni a ƙwaƙwalwa, aka yi ta jinyarsa a Jamus da Amurka, jihar ta shiga rikicin wa ke mulki, shi kuwa bai sake komawa yadda yake ba har ya rasu a watan Yuni na 2017. Mutum ne mai son abin da gaske, ya kuwa yi ƙoƙari ya koya. Abin da ya rasa a wannan yamma shi ne wanda zai ce masa a bari sai gobe.

Wannan shi ne haɗarin da ke bin mai jirgin kansa fiye da ɗalibi. Ɗalibi yana da malami a kansa, matuƙin kamfani yana da dokokin kamfani da abokin aiki a gefe. Mai jirgi kuwa shi ne direba, shi ne maigida, shi ke da taron da ake jiransa, waɗanda ke tare da shi kuma yaransa ne, ba mai iya musa masa. Masu kuɗi sukan yi saurin wuce ɗan jirgin da suka koya da shi zuwa wanda ya fi gudu, alhali sa'o'in da ke littafinsu ba su kai ba. Shawarar da masana ke bayarwa ita ce mutum ya gama lasin tukuna da jirgin makaranta, ya ƙara sa'o'i, ya nemi shaidar tuƙi da na'ura saboda hazon ƙasarmu, in ya sayi nasa kuma ya sa malami a gefensa har hannu ya faɗa. Wanda ba zai sami sa'a ko da biyu ko uku a wata ba don bita, gara ya ɗauki matuƙi ya zauna a baya.

Da la'asar sakaliya ƙarar da ke bisa Palladan takan fara raguwa. Jiragen su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya tun rana na da saura, a tura su rumfa ko a ɗaure fikafikansu da igiya, a sa wa tayoyi waigi, a mai da marfi mai jan ƙyalle bakin bututun nan saboda zanzaro. Kowane ɗalibi ya buɗe littafinsa ya rubuta kwanan wata, da lambar jirgi, da abin da ya samu yau: sa'a ɗaya da minti goma, ko minti hamsin, malami ya sa hannu. A bakin titi kuwa motocin Funtuwa da Gusau na ta wucewa, masu shayi na hura wuta. Wanda ya zo da niyyar sayen jirgi, in ya kai wannan lokaci yana kallo, abin da ya kamata ya tambaya a ofis kafin ya tafi shi ne ranar da za a fara sabon aji da inda likitan yake.